Kalmar "Waya" da Gidan Waya

Idan ka tambayi Bahaushe inda za ka aika wasiƙa, zai nuna maka gidan waya. Wataƙila ka yi mamaki, domin abin da ka riƙo takarda ce a cikin ambulan. To, me ya haɗa wasiƙa da waya?

Asalin kalmar daga Ingilishi take, wato "wire", zaren ƙarfe. Da Hausawa suka aro ta, sai suka daidaita ta da bakinsu, ta ƙare da wasali, kamar yadda aka samu "taya" da "lauya". A farkon zamanin Turawa an kafa turaku an ja wannan zaren ƙarfe daga gari zuwa gari don aika saƙon tangaraho. A ofis ɗaya ake karɓar wannan saƙo da kuma wasiƙu. Wasiƙa kuwa ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, malamai da sarakuna sun daɗe suna rubuta ta da ajami ko Larabci. Wayar ce sabon abu, saboda haka ita ta ci sunan gidan. Ma'aikata ɗaya ta ci gaba da kula da ayyukan biyu har 1985, lokacin da aka raba su: NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho. Duk da haka sunan bai canza ba.

Ka lura da jinsi, don a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. "Waya" mace ce, jam'inta "wayoyi". Sai ka ce wayar lantarki, wayar hannu, wayata ta lalace. Amma "gida" namiji ne, don haka gidan waya ake cewa, ba "gidar waya" ba. Dubi waɗannan jimloli:

Na aika wa Ngozi wasiƙa ta gidan waya.
Rubuta lambar akwatin gidan waya a bayan ambulan.
Bala ya buga wa mahaifinsa waya.

Jimla ta uku tana da tarihi. A da, in an ce an buga wa mutum waya, tangaraho ake nufi, gabansa kuma yakan faɗi, domin ba a cika buga ta sai kan abu mai muhimmanci. Yau kuwa, tun zuwan wayar salula a 2001, ma'anarta kawai an kira shi.

Kafin ka jefa wasiƙarka a akwati, sai ka manna mata "kan sarki". Wannan ba aro ba ne, Hausawa ne suka ƙirƙira, ganin hoton kan Sarkin Ingila a jikin 'yar takardar.