Ɗawainiyar Ƙasashen Waje: Wa Ke Biya, Ina Lissafin?

A watan Agustan 2022 ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Shamsuna Ahmed, ta tabbatar cewa gwamnatin tarayya ta amince da sama da naira biliyan ɗaya domin saya wa Jamhuriyar Nijar motocin aikin tsaro. Labarin ya isa Mairuwa, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa a daidai lokacin da manoma da yawa ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa, direbobin hanyar Funtua zuwa Gusau kuma kowa na ƙoƙarin wuce Sheme da 'Yankara tun rana ba ta yi sanyi ba. Mutanen da suka ga an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 suna da hujjar tambaya: "Mu da gidanmu ke ci da wuta, me ya kai mu rabon motoci a waje?"

Tambayar tana kan hanya, amma tana bukatar ƙari. Babu ƙasar da ke zaune lafiya ba tare da ta kashe wani abu a wajen iyakarta ba. Abin da ya fi cancanta a matsa a kai shi ne sanin nawa aka kashe, da izinin wa, kuma wane ɓangare ne ya kamata ya dawo baitulmali. Irin wannan kuɗi kashi uku ne, kowanne da ƙa'idarsa.

Kashi na farko shi ne wanda ake mayar wa ƙasa. Idan Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya bataliya domin aikin kiyaye zaman lafiya, ana rattaba hannu kan yarjejeniya tun kafin soja ya hau jirgi. Majalisar na biyan gwamnati wani adadi a kan kowane soja duk wata. An daɗe ana biyan dala 1,028, aka ɗaga zuwa 1,332 a 2014, daga Yulin 2022 kuma ya koma 1,448. Motoci masu sulke, janareto, tantuna da kayan asibiti duk suna da farashin hayarsu. Masu duba kaya na Majalisar kan shiga sansani da takarda a hannu, su sa a tayar da mota ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙi tashi ba a biyan kuɗinta. Sojan da ya rasu a bakin aiki, diyyarsa dala 77,000 ce tun daga 2018. Ƙasashen duniya ne ke tara wannan kuɗi, kowace gwargwadon ƙarfinta, kuma Amurka kaɗai ake ɗora wa sama da kashi ɗaya cikin huɗu.

A lura da abu ɗaya: gwamnati ake biya, ita ke yanke abin da zai shiga aljihun soja. A nan rashin bayani ya taɓa haifar da rikici. A Yulin 2008 sojojin da suka dawo daga Laberiya sun fito kan titi a Akure suna ƙorafin an zaftare musu alawus. Kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, daga baya aka sassauta hukuncin. Da kowane soja ya san haƙƙinsa a rubuce tun ranar tafiya, da wuya lamarin ya kai haka.

Kashi na biyu shi ne wanda ƙasa ke ɗauka a wuyanta ba tare da wani ya yi alkawarin biya a rubuce ba, kuma a nan Nijeriya ta fi jin jiki. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1981 da 1982, ta jagoranci rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Chadi. Ƙungiyar ba ta da abin biya, nauyin kusan dala miliyan 80 ya faɗo kan Nijeriya. A Agustan 1990 rundunar ECOMOG ta ƙungiyar ECOWAS ta sauka a Laberiya, daga baya ta shiga Saliyo ta mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a 1998. Yawancin sojojin da kuɗin daga Nijeriya suka fito. Shugaba Olusegun Obasanjo ya faɗa a 1999 cewa aikin ya ci wa ƙasar kimanin dala biliyan 8, ban da ɗaruruwan rayuka. Wannan adadi daga jawabi aka ji shi. An kashe kuɗin ne a zamanin mulkin soja, lokacin da babu majalisar da za ta ce a kawo takardu.

Abin da ya faru a Laberiya ranar 1 ga Oktoban 2003 ya nuna bambancin kashi na farko da na biyu. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 3,500 da ke can a ƙarƙashin ECOWAS sun cire hulunansu suka sa shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya. Sojojin ba su canza ba, shingayen da suke gadi ma haka, amma daga ranar mai biya ya canza. Sauran ƙasashe sun daɗe da gane wannan dabara. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Saudiyya, Kuwait, Japan da Jamus ne suka ɗauki mafi yawan abin da Amurka ta kashe. Ita kuma Iraƙi an tilasta mata biyan diyyar ɓarnar mamaye Kuwait ta hanyar yankar wani kaso daga kuɗin manta, ta kammala biyan dala biliyan 52.4 a farkon 2022. Kowace naira ko dala da ta dawo, sai da aka rubuta ta tukuna.

Afirka ma ta fara neman mafita. ECOWAS na karɓar harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin. Tarayyar Afirka ta amince da kashi 0.2 a taron Kigali na 2016. A Disambar 2023 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya buɗe ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki har kashi 75 cikin 100 na kuɗin wasu ayyukan zaman lafiya da Tarayyar Afirka ke jagoranta. Harajin ECOWAS a cikin farashin kaya yake ɓoye, don haka mai sayen batirin tocila a kasuwar Sheme yana cikin masu biya ko bai sani ba.

Kashi na uku ya fi kusa da mu, wato hulɗa da maƙwabta, inda ciniki da zumunci ke cakuɗewa. Wutar lantarkin da Nijeriya ke tura wa Nijar ciniki ne, ana aika takardar biya, kuma kafin juyin mulkin da aka yi a can a Yulin 2023 ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 a kan kwangilar kusan dala biliyan 2, jari ne da ake fatan fatauci zai mayar. Motocin 2022 kuwa kyauta ce. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma ɓarayin daji da makamansu ba sa tsayawa nuna fasfo a Jibiya. Adalci kuma ya bukaci a duba ɗaya gefen littafin: tun 2019 dubun dubatar mutanen Katsina, Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, ƙauyukan can suka raba rijiya da rumbu da su. Wannan ma ɗawainiya ce, Nijar da ƙungiyoyin agaji suka ɗauka saboda mu.

Gwamnati kanta ta san akwai lokacin da gida ke gaba. A 2013 ta janye yawancin sojojinta daga Mali saboda halin tsaro a cikin ƙasa, a Yulin 2020 kuma rundunar sojan ƙasa ta ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity daga Faskari. Bataliya ɗaya ba ta zama wuri biyu, saboda haka duk shawarar tura ta waje tana da farashi a Sabuwa da Ƙanƙara.

Doka ta ba ɗan ƙasa abin kamawa. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa shugaban ƙasa neman amincewar Majalisar Dattawa a kan tura soja yaƙi waje, kuma an ga amfaninsa a Agustan 2023 lokacin da sanatoci suka ƙi goyon bayan ɗaukar matakin soja a kan Nijar. Sashe na 80 ya hana fitar da kuɗi daga asusun gwamnati sai da izinin doka, sashe na 85 ya ba babban mai binciken kuɗi na tarayya ikon duba littattafan ma'aikatu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta takarda ya nemi bayani.

Don haka idan sanata ko ɗan majalisar tarayya ya zo gida, ƙungiyoyin manoma, malamai da matasa su haɗa da waɗannan tambayoyi cikin na taki da hanya: kuɗin da aka kashe a waje kyauta ne, bashi ne, ko za a mayar? Yana cikin kasafi? Abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta biya ya shiga baitulmali, kuma haƙƙin soja da na iyalan wanda ya rasu ya isa hannunsu? Wakilin da ya san za a yi masa waɗannan tambayoyi a Mairuwa zai yi su a Abuja kafin ya ɗaga hannu.