Gidan raino: ba kowane zawo ne na haƙori ba

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, a ƙofar wani gidan raino da ke unguwarmu, wata malamar makaranta ta kwance goyo ta miƙa wa mai raino 'yarta 'yar wata bakwai. "Anti, jiya ta yi zawo sau uku, amma haƙori ne," in ji ta, idonta na kan agogo. Mai rainon ta gyaɗa kai, ta ajiye yarinyar a kan katifar da jarirai huɗu ke rarrafe, ɗaya yana tsotsar wata ƙwallon roba da ta sha yawu.

Kalmar nan "haƙori ne" ita ce ta tsaya mini a rai. Haƙori yakan sa dasashi ƙaiƙayi, ya sa dalalar yawu da rigima, amma ba ya kawo zawo mai ruwa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne, jariri yana zuwa duniya da guzurin garkuwar jiki daga mahaifiyarsa, guzurin kuwa yakan yi ƙasa wajen wata shida. A daidai lokacin ne ake fara ba shi kunu, yake fara jan ciki, duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Galibi kuma uwa ta riga ta koma aiki, tunda dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta tanada na hutun haihuwa, ko da yake Jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019. Duk waɗannan suka haɗu, sai laifi ya faɗa kan haƙori, don shi kaɗai ido ke gani.

Wannan zato ya taɓa jawo mana babban rashi. A 2008 maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya lalata ƙodar yara, aƙalla 84 suka rasu.

Babban mai kawo zawo mai tsanani ga jarirai ƙwayar cuta ce da ake kira rota. Daga kashin yaro take fita, ta maƙale a hannun wadda ta canja masa famfas, daga nan ta hau cokali, fida ko kayan wasa, kuma tana iya kwanaki a kansu ba ta mutu ba. Shi ya sa in za ki zaɓi gidan raino, kada fentin bango da talabijin su ɗauke miki hankali. Ki nemi a nuna miki inda ake canja famfas: yana nesa da inda ake dama kunu? Akwai sabulu a wurin? Inda famfo ba ya kawo ruwa, buta ta fi kwano, domin kwanon da kowa ke tsoma hannu a ciki wurin musayar cuta ne. Haka tawul ɗaya da ake share majinar yara goma da shi. Man goge hannu na kwalba yana da amfaninsa, amma bayan an taɓa kashi, ruwa da sabulu ne magana.

Sai katin rigakafi. Tun watan Agustan 2022 Najeriya ta saka ɗigon rota cikin rigakafin yara na kyauta, ana ba da shi a mako na 6, na 10 da na 14, tare da allurar da ke kare mashaƙo da tarin shiƙa. Ta ƙyanda tana zuwa a wata tara. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A ganina, gidan rainon da ke tambayar kuɗin wata amma bai taɓa tambayar katin yaro ba, bai san aikinsa ba.

Mura kam ba makawa. Yaron da ke cikin 'yan'uwansa zai iya yin ta sau takwas ko fiye a shekara, musamman da hunturu in an rufe tagogi. Yawancinta tana wucewa da kanta, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sayowa a kemis ba ya yi mata komai. Nono ya fi shi aiki. In uwa za ta iya tatsa ta bari, ta sa shi cikin kula da ƙanƙara, don zafinmu ba ya barin madara ta daɗe.

Abu mafi wuya shi ne barin yaro a gida ranar da yake zawo ko zazzaɓi, domin ba kowane oga ke jin wannan uzuri ba. Amma kai shi raba wa sauran ne. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa. In maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, fitsari ya ɗauke, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri har haƙarƙari na lotsawa, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zafin jikinsa na kai digiri 38 ba a jira gari ya waye.