Bayan An Ajiye Makulli: Tsufan Direbobin Manyan Motoci a Arewa

A kusan kowace babbar tashar lodi a Arewa, daga Dawanau zuwa kasuwar shanu ta Potiskum, daga Mararrabar Jos zuwa Tafa, akwai benci ko tabarmar da kowa ya san ta dattawa ce. Masu zama a kanta tsofaffin direbobin manyan motoci ne da suka ajiye makulli, wasu don ido ya yi rauni, wasu don baya ya ƙi, wasu kuma don mai mota ya samu yaro mai jini a jika. Hirarsu ba ta wuce ta jiya: roka da Bedford, gadar Jebba, zamanin da direba ke shiga gari ana nuna shi da yatsa. Matasan direbobi kan gaishe su da "Baba, barka da hutawa," su wuce suna murmushi, don an san kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Sai dai wanda ya tsaya ya saurara da kyau zai gane ba ƙuruciyarsu kaɗai dattawan nan ke kewa ba. Suna ba da labarin wani tsari ne da a da yake ɗaukar nauyin direba idan ya tsufa. Tsarin ya rushe a hannun ƙarninsu, kuma har yau ba a kafa wani a gurbinsa ba.

Zamanin da suke kewa

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aikin babbar mota a shekarun da suka biyo baya bai wuce ciyar da shi ba: ta kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka ta kai tashoshin jirgi irin su Kano, Funtuwa, Gusau, Ƙaura Namoda da Nguru. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta, jirgin ƙasa kuma ya fara ja da baya, sai kayan suka koma kan hanya kusan gaba ɗaya. Shanu, wake, albasa da tumatir su gangara Kudu. Goron Shagamu, manja, gishiri, katako da siminti su hauro Arewa. Wanda ke riƙe da sitiyari shi ne ya haɗa ɓangarorin biyu.

Mafi tsufa a cikinsu suna auna shekarunsu da canjin hannu na ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Idan dattijo ya ce "na yi tuƙi tun kafin canjin hannu," gardama ta ƙare. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma ana haɗa manyan motoci a cikin gida: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin hukuma. Ma'ana, ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi na iya sayen sabuwar mota dal, kayan gyaranta kuma na nan a shago.

Direba a lokacin mutum ne mai daraja. Shi ke kawo labarin Ikko da Kumasi da Maraɗi, shi ke ɗauko wasiƙa da saƙon kuɗi tun babu wayar hannu, shi ke jin Yarbanci da ɗan Turancin hanya. Har yaronsa ya samu shiga waƙa, domin Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙar da ta game ƙasar Hausa.

Tsanin da ya karye

Abin da ya fi daraja a wancan zamani shi ne sana'ar tana da tsani. Yaro ya fara da karen mota: ya sa weji idan an tsaya a hawa, ya ɗaure tamfol, ya kwance taya, ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadi. Sai ya shekara da shekaru kafin ogansa ya bar shi ya taɓa sitiyari, kuma kafin nan ya san kukan inji, ya san wace kwana ce ke cin mota. Daga nan ya zama direba. Idan ya riƙe amanar maigida, motar ta mayar da kuɗinta aka sayo sabuwa, an saba a bar masa tsohuwar, ko kyauta ko yana biya kaɗan-kaɗan. Wani maigidan ya yi masa aure, wani ya biya masa kujerar Makka. Kafin ƙarfinsa ya ƙare, shi ma ya zama mai mota, yaran da ya koya wa tuƙi suna kawo masa balas yana zaune a ƙofar gida. Fanshon direba ke nan: mota ɗaya, da yaran da ya rena.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka karya matakin ƙarshe na wannan tsani.

Na farko, tsadar mota. Da gwamnatin Janar Babangida ta ɗauki shirin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, kamfanonin haɗa motoci na cikin gida suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta koma kan kwancen Turai da Amurka, DAF da MAN da Mack waɗanda suka riga suka ci rabin rayuwarsu kafin su iso. Motar da aka saya tsohuwa, idan ta gama yi wa maigida aiki, ba abin da ya rage a jikinta da za a ba direba sai ƙarfen awo.

Na biyu, ribar tafiya ta ƙanƙance. Litar gas da ba ta kai naira 400 ba a farkon 2022 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2023. Ga taya, ga haraji kala-kala daga jiha zuwa jiha, ga shingaye a hanya inda kowa ke miƙo hannu. Maigidan da ke lissafin ko motar za ta fitar da kuɗin gyaranta ba shi da sararin tunanin sallamar direba.

Na uku, mallakar motoci ta canja hannu. Manyan kamfanonin siminti, fulawa da mai yanzu suna da motoci ɗaruruwa ko dubbai, galibi sababbi ƙirar China. Direban kamfani yana da albashi da lamba, motarsa kuma tana da na'urar da ke nuna inda take a kowane lokaci. Wannan ya kawo tsari, amma ya kawar da ɗan kayan gefe da fasinjan kan kaya waɗanda da su direba yake gina gida a da. Kamfani kuma ba ya ba direba mota don ya daɗe yana aiki.

Na huɗu, hanya ta ƙi. Tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, Tegina, Mokwa da Jebba, wadda dattawan nan suka haddace ramin da ke cikinta, yau 'yan bindiga sun sa ana shigarta da addu'a. Hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ta sha nata a hannun Boko Haram. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun sa motoci da yawa sun yi watanni a Jibiya, Illela da Maigatari babu aiki. Mai mota ɗaya tak, idan aka ƙone ta ko ta zauna wata uku, jarinsa ya tafi.

Abin da hirar ke tsallakewa

Adalci shi ne a faɗi cewa jiyan ba duka zuma ba ce. Waɗanda ke zaune a kan bencin su ne hanya ta bari da rai. Abokansu da birki ya ƙwace musu a gangara, ko mota mai bodin katako ta kife da su da fasinja a kan buhuna, ba sa nan balle su faɗi nasu. Sai a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Kafin nan da wuya a samu mai tambayar awa nawa direba ya yi bai runtsa ba. Mota ta lalace a daji, yaro ya hau wata ya tafi neman bakanike, direba ya kwana uku yana jira. Yau kira ɗaya ya isa.

Shi kansa tsanin ba kowa ya kai ƙarshensa ba. Alheri ne na maigida, ba haƙƙi ba ne a rubuce. Wani ya yi shekara talatin yana bauta, maigida ya rasu, magada suka sayar da motocin, ya tashi a tutar babu. Wani kuma ya samu da yawa, amma hanya ta cinye: gida a nan, gida a can, kashe kuɗi a masauki kamar gobe ba za ta zo ba. Dattawan da kansu, idan hira ta yi nisa, sukan yarda cewa kuɗin mota ba ya zama sai ga wanda ya juya shi gona ko fili.

Sakamakon da ake gani yau

Jiki ne ke fara biyan bashin. Shekaru na zama a kujera mai girgiza suna barin ciwon baya da na gwiwa. Cin abincin hanya, shayi mai sukari da rashin barci suna kawo hawan jini da ciwon sukari. Goro da taba, ga wasu kuma ƙwayoyin hana barci, suna ƙara nasu. Ido kuwa shi ne jarin direba, kuma yanar ido da hawan jinin ido ba sa neman izini. Duk waɗannan cututtuka ne masu cin kuɗi kowane wata, a daidai lokacin da kuɗin ya daina shigowa.

Saboda haka da yawa ba sa ajiye makulli a lokacin da ya kamata. Dattijon da ya san fitilar motar da ke tahowa tana makantar da shi da dare zai ɓoye, domin faɗin gaskiya na nufin yunwa a gidansa. Nan matsalar ta daina zama tasa shi kaɗai, ta zama ta duk wanda ke kan hanya tare da tirelar da ke ɗauke da siminti ko tankar mai. Wanda ya sauka kuma yakan koma kamasho a tasha, ko gadi, ko jiran abin da tsohon yaronsa zai miƙa masa idan ya sauke lodi.

Akwai kuma kaɗaici. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kwana biyu a gida, sati biyu a hanya, yakan dawo ya tarar 'ya'ya sun girma da uwarsu, unguwa ta saba da rashinsa. Shi ya sa yake sammako zuwa tashar da ba shi da mota a cikinta. A can ne ake fahimtar maganarsa, a can ne sunan da aka san shi da shi yake da ma'ana.

Sana'ar ita ma ta yi asara. Da koyon tuƙi ya gajarce, ilimin da ake samu a shekarun karen mota ya ragu: yadda ake sauka gangara da giya ba da birki ba, yadda ake raba nauyin lodi, yadda ake haƙuri da ƙaramar mota. Masu wannan ilimi suna nan da ransu, ba mai tambayarsu.

Ina mafita?

Ba za a dawo da naira ta 1980 ba, ba kuma za a tilasta wa mai mota ya yi kyautar mota ba. Abin da za a iya shi ne a mayar da abin da a da alheri ne ya zama haƙƙi. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa mai ɗaukar ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, amma wannan yana isa ne ga direban kamfani mai takardar ɗaukar aiki. Direban Alhaji mai mota biyu yana waje. Don irinsa aka ƙaddamar da ƙaramin shirin fansho na masu sana'ar kansu a Maris 2019, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Dukansu suna nan a takarda, amma ba su sauko tasha yadda ya kamata ba.

Hanyar da za su sauko kuwa a buɗe take. Ƙungiyar direbobi ta NURTW tana nan tun 1978, masu motoci suna da NARTO, direbobin tanka suna da reshensu a NUPENG, kuma a kowace tasha ana yankar tikiti a kan kowane lodi. Wanda ya iya karɓar kuɗi kullum daga hannun direba zai iya ware wani kaso ya shiga asusu mai sunan direban, wanda zai bi shi ko ya canja maigida. Haka nan gwajin ido da awon jini a tasha zai yi amfani ne kawai idan wanda aka ce ya sauka yana da abin da zai sauka a kai. Dattawan da ke da sauran ƙarfi kuma a ɗauke su su koyar a makarantun tuƙin manyan motoci, a biya su.

Lissafin mai sauƙi ne. Yaron da ke tuƙa sabuwar tirela yau yana da shekara talatin, nan da shekara talatin shi ne dattijon, kuma ba shi da ko fatan motar sallama da na gabansa suka yi. Idan ƙungiyoyin da masu motocin ba su fara tara masa daga lodin bana ba, tsufansa zai fi na waɗannan wuya.