Daga Kano zuwa Jidda: nisan da kakana ya taka da ƙafa

Gidanmu yana Nassarawa GRA, kuma idan lokacin jigilar alhazai ya yi, nakan ji rugugin jirage cikin dare suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Wani dare jikata ta tambaye ni, "Baba, wai Makka da nisa ne?" Washegari sai na ɗauko taswira muka zauna.

Tsakanin Kano da Jidda, idan aka miƙe sak ta sama, akwai kimanin kilomita 3,400. Kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas sau huɗu ke nan. Babban jirgi yana cin kusan kilomita 850 a awa guda, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, shi ya sa wanda ya tashi ƙarfe goma na dare zai sauka dab da asuba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wuraren da jirgin ya saba bi ta samansu: Chadi, Sudan, sannan Bahar Maliya. Ta nan kakana ya bi da ƙafa da jaki. Daga Kano zuwa Maiduguri, ya shiga Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, ya wuce Abeche da El Fasher har Khartoum, daga nan ya gangara bakin teku ya jira jirgin ruwa. Idan guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi noma ko ɗinki, ya tara ya ci gaba. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, kakarmu ta ce har an fara yi masa addu'ar mamaci. Da yawa daga masu wannan tafiya ba su dawo ba, jikokinsu na cikin Hausawan da ke Sudan a yau, har da na garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Jirgin sama ma ta wannan hanya ya fara zuwa mana. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka biyo ta Khartoum suka sauka a Kano. A 1936 aka fara zirga-zirgar jirage a kai a kai tsakanin Khartoum da Kano.

Sai ga shi a watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Dole jiragen alhazanmu suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru da awanni, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi daga Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Na ga dattijuwar da ta sauko da kumburin ƙafa saboda dogon zama. Nisan da ke taswira bai motsa ba, amma maniyyaci ya ji ƙarin a jikinsa da aljihunsa.

Mai niyyar tafiya bana, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa a cikin jirgi, ka sha ruwa sosai. Idan kuma Allah Ya kai ka Arfa, ka saka mutanen Sudan a addu'arka, domin su ne suka ciyar da kakanninmu a hanya.