Wasannin Sanin Juna: Makon Farko A Kwalejojin Haɗin Kai

A shekarar 1966 ne aka buɗe Kwalejojin Gwamnatin Tarayya guda uku, watau a Sakkwato da Warri da Okposi, domin a haɗa 'ya'yan Nijeriya daga kowane sashe su yi karatu a inuwa ɗaya. Bayan da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yawaita irin waɗannan makarantu, kana ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973.

Amma fa tara yara a wuri ɗaya daban, haɗa zukatansu daban. Yaro ɗan shekara 11 da ya baro Gumel, ya tsinci kansa a ɗakin kwana ɗaya da ɗan Ogbomoso da ɗan Kalaba, abin da zai fara yi shi ne lalubar mai jin harshensa. Idan aka ƙyale shi, to, kafin zango ya ƙare ajin ya rabu gungu-gungu, alhali kuwa abin da aka kafa makarantar domin a kawar ke nan.

Saboda haka ne malamai masu hangen nesa kan keɓe makon farko domin wasannin sanin juna. Mafi sauƙi shi ne a tsai da yara a da'ira, a riƙa jefa ƙwallo. Wanda ya cafe sai ya faɗi sunansa da garinsu, sa'an nan ya maimaita na wanda ya jefo masa. Wani wasan kuma, akan haɗa yara biyu-biyu daga jihohi dabam-dabam su tattauna na ɗan lokaci, daga bisani kowa ya miƙe ya gabatar da abokinsa, ba kansa ba. Hikimar a nan ita ce dole yaro ya kasa kunne kafin ya buɗe baki. Akwai kuma wanda kowa zai koya wa ajin gaisuwar garinsu, a yi ta tuntuɓen harshe ana dariya, kunya ta kau.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ya daɗe yana mai da baƙo ɗan gida tun kafin a sha ruwa.

Sai dai wajibi ne malami ya yi hattara. Kada a tambayi yaro sana'ar mahaifinsa ko abin da suka mallaka, domin akwai marayu da 'ya'yan talakawa a cikin ajin. Kada kuma a bari dariya ta rikiɗe ta zama ba'a ga mai in'ina ko mai raunin Turanci, gama yaron da aka kunyata ranar farko yakan daɗe bai sake ɗaga hannu a aji ba.