Matashin Mai Binciken Halittu a Kudancin Jigawa

Matashin Birnin Kudu ko Gwaram mai sha'awar kimiyyar halittu yakan yi digirin farko na shekara 4, sau da yawa a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. Bayan bautar ƙasa, mai kyakkyawan sakamako kan nemi gurbin mataimakin malami, ya shiga digiri na biyu.

Nan ake shan wuya. Yakan sa takalmin roba ya shiga kududdufi tsintar dodon koɗi mai yaɗa cutar tsargiya, ya tace fitsarin 'yan firamare da yardar iyayensu, ya ƙirga ƙwan tsutsar a madubin likita. Tallafin karatu na TETFund malaman manyan makarantun gwamnati ne ke samunsa. Saura, abin takaici, da kuɗin aljihunsu suke sayen sinadarai.