Ampli mai kwalba: daɗin sauti, amma sai da hattara

Kafin a ƙirƙiro taransisto a 1947, rediyo da ampli suna aiki ne da kwalaben gilashi marasa iska, waɗanda Faransawa ke kira « lampes ». Har yau a Turai, Amurka da Japan wasu na harhaɗa irin wannan ampli a gida saboda taushin sautinsa, da kwalaben da ake ƙerawa a Rasha, Sin da Silobakiya.

Sai dai aikin akwai haɗari. Kwalba kamar EL84 na buƙatar kuran na bolt 250 zuwa 300, kuma kondansato kan riƙe wutar ko bayan an cire waya. Shi ya sa gwanaye ke sauke wutar, su auna, kafin su sa hannu. Sakaci na iya kisa.